Bakin da Na Sa wa Silimar Kiyari

Ni ne na yi laifi, ba kawunku Kiyari ba. Na fara da wannan domin na san abin da kuka taso kuna ji: wai Kiyari mutum ne mai riƙo, wai wasa na yi masa irin wanda ke tsakanin miji da ƙanen matarsa, shi kuma ya ɗauka da zafi har ya daina cin tuwon gidana. Ni na baza wannan magana da bakina, kuma ƙarya ce. Yanzu daga ni sai uwarku muka rage cikin 'yan gidan da suka shiga mangazar nan, wato siton gyaɗa, a ranar, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda aka yi. Karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal, makarantar boko, ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

A shekarun da suka gabaci mulkin kai, aikina shi ne magana a gaban silima. Akwai wata kamyo, wato babbar mota, ta gwamnati mai yawon ƙauyuka, ɗauke da mashin haskawa da farin ƙyalle da gurup mai ba da wuta. Mu tashi daga Damagaram mu je Dakusa, mu wuce Garagumsa, a kafa ƙyalle bayan magariba a nuna wa manoma yadda ake adana gyaɗa, ko yadda ake yi wa shanu lamba. Silimar da Faransanci take magana, ba mai ji. Sai a rage muryarta, ni in tsaya gefen ƙyalle da mikoro, abin ƙara murya, in yi bayani da Hausa. Da farko fassara nake yi. Daga baya na gane in na faɗi abin da Nasara ya faɗa mutane hamma suke yi, in na ƙirƙiro nawa kuwa har da masu hawa bishiya. Sai na riƙa raɗa wa mutanen ciki suna, ina sa musu magana a baki, jaki ma in ya gifta sai na ba shi tasa. Aka riƙa kirana Isufu Bakin Silima. Abin da na fi taƙama da shi, ban taɓa kallon silima kafin in yi mata baki ba. Yadda hoto ya faɗo kan ƙyalle, haka magana ke faɗo mini.

Uwarku Falmata, kun sani, gidansu Barebari ne na cikin Birni. 'Yan'uwanta maza biyu ne. Babban shi ne Ari, baduku, wanda sanƙarau ya ɗauke wa ji tun yana ɗan shekara shida. Gari na kiransa Bebe, gida kuwa ba mai faɗin haka. Da hannu suke magana da shi, irin maganar da suka haɗa tsakaninsu, uwarku ta fi kowa iyawa. Ƙaramin shi ne Kiyari, mai shagon hoto a Zango. Kiyari abokin wasana ne, tun da ƙanen matata ne. In zage shi ya zage ni, ba komai. Ari kuwa yayan matata ne. Ba ni zama tabarma ɗaya da shi, in na gaishe shi sai na rusuna. Wannan ba sai an gaya wa kowa ba a garinmu.

Tun suna yara akwai wani Balarabe ɗan kasuwa da yake nuna tsofaffin silimomi a filin gidansa, irin na farko waɗanda ba su da murya, mashin ma da hannu ake juya shi. Mutanen ciki na tafiya da sauri-sauri, suna zare ido, suna faɗin komai da jiki. Kiyari ya sha gaya mini cewa a wurin nan kaɗai Ari yake fin kowa. Kafin masu kunne su gane wane ne ɓarawo, Ari ya riga ya tsunkule shi ya nuna masa. Shi ke yi wa yaran unguwa bayani da hannu a kan hanyar komawa gida. Da silima mai murya ta zo gari, Ari ya je sau biyu bai sake komawa ba. Ya ce mutanen sun daina yin komai, sun tsaya suna tauna iska.

A shekarar mulkin kai Nasara da yawa suka yi ta sayar da kayansu za su koma gida. Wurin wani likitan dabbobi Kiyari ya samu kamara ƙarama mai ɗaukar silima, wadda ake yi wa wani kamar agogo, ba ta ɗaukar murya ko kaɗan. Da ita da bobin uku, wato faifan da ake naɗe silima. Duk wanda ya ji ya ɗauka shagalin ranar mulkin kai zai ɗauka. Kiyari kuwa ya kwashe bazara yana ɗaukar yayansa a rumfar dukanci da cikin gida. Ya aika bobin Dakar a wanke, suka daɗe ba su dawo ba. Cikin wannan jira ne, da damina, kakarku ta rasu. Ba ni faɗin sunanta, kun san shi. Na yi zaman makoki kwana bakwai a ƙofar gidansu kamar kowane suruki.

Da bobin suka dawo Kiyari ya rufe shago kwana goma yana yanka yana liƙawa. Sannan ya zo ya same ni ƙofar gida ina cin goro, yana so in aro masa mashin da gurup na kamyonmu yini ɗaya.

"Ashe dai Babarbare ya san gidan manya," na ce masa. "Yaushe za a nuna, in gyara murya?"

"Muryar ce ba a so, mijin Yaya."

"Kamar yaya ba a so?"

"Irin ta da na yi, ta gidan Balarabe. Ba magana. Ta Yaya Ari ce. Ina so ranar nan abin da ya gani shi ne abin da kowa ya gani, kada wani ya fi shi da komai."

"To mutane su zauna suna kallon bango kamar awaki?"

"Su zauna. Minti tara ce duka. Kai dai ka zo gobe ka fara gani kai kaɗai, akwai abin da ya kamata ka gani."

"Ni? In fara gani? Yaro, tun kana wanke wa Nasara kwanon hoto nake wannan aiki, ban taɓa leƙen silima ba."

"Na ji. To ka yi mini alkawari dai, minti tara ka riƙe bakin nan."

"Na riƙe."

Na aro masa kayan. Ban je na gani ba. Ya kamata in faɗi abin da ke raina a lokacin, don kada ku ɗauka tsautsayi ne kawai. A biro, wato ofishinmu, an fara cewa sabuwar gwamnati za ta kawo silimomi waɗanda aka riga aka sa wa Hausa tun daga Yamai. Ina jin haka ina dariya a gaban mutane, amma abin yana cina. Sai ga ƙanen matata ma ya zo yana ce mini ya yi silimar da ba ta bukatata.

An nuna ta wata Lahadi bayan la'asar, cikin wata mangazar gyaɗa da ke wofi don ba a fara saye ba. Aka toshe tagogi da buhuna, aka ajiye gurup a waje. Kiyari 'yan gida da maƙwabta da dukawa ya gayyata, amma da aka ji ƙarar gurup sai 'yan dako da masu zaman kasuwa suka cika wurin. Mata suna baya, uwarku cikinsu. Ari yana gaba a tsakiya, kan kujera, da farar riga sabuwa. Ni ina tsaye gefen ƙyalle, inda na saba tsayawa, ko da yake ba wanda ya ce in tsaya nan.

Ga abin da ke ciki, yadda na riƙe shi. Da farko duhu, sai wani ɗan haske zagaye ya buɗe a hankali, hannu biyu suka bayyana suna miƙe fata a kan allo. Jar fata ce, amma a ƙyalle baƙa ta fito. An daɗe ba a nuna fuska ba, hannu ne kawai da aska da basilla. Sai inuwar mutum a bango tana jan zare. Sai kasuwar Zango, mutane da raƙuma suna tafiya da sauri-sauri kamar na tsohuwar silima, Ari shi kaɗai a tsakiyarsu zaune bai motsa ba. Inda tsohuwar silima take sa allon rubutu, Kiyari ya sa hannun Ari a kan baƙin zane yana yin alama ɗaya. 'Yan gida sun san ma'anarta, sauran ba su sani ba. Yau na san abu ne mai kyau ya yi. A ranar ban ga komai ba sai shirun da ke cikin mangazar, da zafi, da mutane da suka fara motsi.

Wani ɗan dako daga baya ya ɗaga murya:

"Kai, muryar ta lalace ne?"

Wani ya amsa masa:

"Ga Isufu can tsaye. Isufu, an ɗinke maka baki ne? Ko an sallame ka tare da Nasara?"

Aka yi dariya. Wannan dariya ce ta ɗebe ni. Daidai lokacin an zo wani wuri da Kiyari ya liƙa silimar a juye da gangan, basilla tana komawa baya, ɗinki yana warwarewa har jaka ta koma fata. Sai na ji bakina ya buɗe.

"Jama'a, ga Bebe. An ce masa ya ɗinka, bai ji ba, ga shi yana warwarewa."

Mangazar ta ɗauka. Aka nuna fuskar Ari kusa, yana riƙe da zare a haƙori, yana kallonmu.

"Tun watan jiya aka aika a gaya masa an samu mulkin kai. Har yanzu ana gaya masa."

Har da masu buga ƙafa. Na hangi Kiyari bayan mashin yana ɗaga mini hannu, na yi kamar hasken ya kashe mini ido. Sai aka nuno hannun Ari ya ɗora yatsu a wuyan wani mutum, wuyan yana motsi. Ba a ga fuska ba, wuya ne kawai da hannu.

"Ga shi ya samu rediyo, yana laluben inda ake kunnawa."

Ban rufe baki ba kamara ta ɗaga sama. Kakarku ce. Tana zaune a tsakar gidansu tana kiran sunansa, shi kuma yana jin sunan da yatsunsa, yadda suka saba tun yana yaro. Ban san ta yarda an ɗauke ta ba. Kwananta bai cika sittin a ƙasa ba.

Shekara da shekaru in na ba da labarin nan, a nan nake tsayawa in ce ban sani ba. Gaskiya ne ban sani ba a karo na farko. Amma 'yan dakon ba su san ta ba, suna ta dariya suna jiran na gaba, ni kuma na ga fuskarta sarai, na gane ta, sannan na ƙara:

"Rediyon ma tsohon yayi ne."

Wannan da sanina na faɗa.

Ari yana ta waiwaye. Ya ga bakuna a buɗe, kafaɗu na rawa, ya ɗauka silimar ce ta yi musu daɗi kamar yadda ta gidan Balarabe take yi. Shi ma ya yi dariya, yana share hawaye saboda uwarsa, yana gyaɗa wa mutane kai. Da aka buɗe ƙofa ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba. Kiyari ya naɗe bobin ya sa a gwangwani, ya naɗe waya, ya ce wa direba ya mai da kayan. Bai dube ni ba.

A gida uwarku ta kawo mini tuwo ta ajiye, ta kawo ruwa. Na ce mata ai wasa ne, kowa ya san ni da Kiyari.

"Da Kiyari, Malam," ta ce. "Kiyari ne a jikin ƙyallen?"

Ta juya ta fita. Daga ranar ba ta fasa mini komai na hakki ba, gaisuwa da abinci da wanki, amma hira ta ƙare. Kiyari ya daina zuwa. In mun haɗu a masallaci ya ba ni hannu ya wuce. Mutane suka fara tambaya, ni kuwa na ba su amsar da kuka taso kuna ji. Su biyun, shi da uwarku, suka yanke ba za a gaya wa Ari ba, kuma dukawan da suke wurin suka kama bakinsu. Wannan ya yi mini daɗi. Bayan sati biyu Ari ya aiko mini da jakar mikoro ta jar fata, da aiki a bakinta, wai tukuicin yadda na sa mutane farin ciki. Na karɓa. Na rataya ta na je Dakusa da ita, na je Garagumsa, na yi ta aikina har rani ya wuce.

Abin da ban lissafa ba shi ne Ari zai so a sake nunawa. Da ƙaramar Salla ta matso ya fara matsa wa Kiyari. Yana so ya sake ganin uwarsa, yana so a kira mutane fiye da na farko, kuma a kira Isufu ya tsaya inda ya tsaya. Kiyari ya ce mashin ba ya samuwa. Ari ya zo wurina da kansa, na nuna masa da hannu cewa ni a shirye nake, don ba ni da ƙarfin nuna masa wani abu daban. Ya koma wa Kiyari. Kiyari ya ce bobin ya lalace. Ari ya buɗe akwatin Kiyari ya ciro gwangwanin, ya ware silimar a rana, ya ga lafiyarta lau. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci: ƙanensa kunyarsa yake ji, ya yi nadamar nuna wa duniya cewa yayansa kurma ne. Suna gida ɗaya suka daina cin abinci tare. Kiyari ya zaɓi yayansa ya tsane shi da ya gaya masa gaskiya. Ni ina kallo, wata biyu, ban ce komai ba.

Wata safiya uwarku ta dawo daga Birni, ta tsaya bakin ƙofar ɗakina ba ta shigo ba.

"Yaya Ari ya ɗaure kayan aikinsa. Jibi zai koma Dakusa wurin wani abokin cinikinsa. Ya ce ba ya zama gida ɗaya da mai jin kunyarsa."

"To Kiyari ya ba shi haƙuri mana."

"Haƙurin me zai ba shi, Malam? Me ya yi masa?"

Ta ci gaba:

"Tun Kiyari bai iya tafiya ba Yaya Ari ke goyonsa. Uwarmu ta bar su tare. Ni ban ce ka yi komai ba. Na dai gaya maka jibi ne."

Na so in je wurin Kiyari, don shi na saba da shi, kuma da baki ake yi masa magana. Amma ban ga abin da haƙurin Kiyari zai kwance ba. Washegari da hantsi na ce wa uwarku ta yafa zane ta raka ni wurin Ari, don ban iya maganar hannu ba. Shekara tara ina surukin mutumin nan ban koyi komai ba sai gaisuwa.

Muka sami Ari a rumfarsa ta ƙofar gida, kaya a ɗaure, yana kaɗe allon yanka. Kiyari yana zaure, da ya gan mu ya taso ya tsaya daga nesa. Na cire takalmi na durƙusa a ƙasa. Na ce wa uwarku ta gaya wa Ari dariyar da aka yi ranar nan ba ta daɗin silima ba ce, shi aka yi wa, kuma ni na sa. Ta gaya masa. Ya dube ta, ya dube ni, ya yi wata alama gajeriya.

"Ya ce me ka faɗa."

"Ki ce masa maganganun banza ne."

Ta gaya masa. Ya sake yin alamar nan, a hankali.

"Ya ce kowa a mangazar ya ji, shi kaɗai ne bai ji ba. Ya ce ka faɗa masa duka, ɗaya bayan ɗaya, yadda ka faɗa."

Na faɗa. Ta warwarar ɗinki, ta mulkin kai, ta rediyo. Ina faɗa uwarku tana mayarwa da hannu, fuskarta ba ta motsi. Maganar da ta tashi mangaza, da aka sa ta a hannu ba ta fi motsin yatsa uku ba, kuma ba abin dariya a cikinta. Da na zo ta ƙarshe na tsaya. Uwarku ta sauke hannu tana jira. Da na ga dama na bar ta, ba wanda zai tona. Na faɗe ta, na kuma ce a gaya masa na riga na ga fuskar kafin in faɗa. Uwarku ta mayar masa har wannan. Maganar a kan uwarta ce, da hannunta ta yi ta.

Ari bai tafi Dakusa ba. Ranar da yamma aka gan shi da Kiyari suna cin tuwo kwano ɗaya. Silimar sun sake kallonta su uku da uwarku, ba a kira ni ba. Kiyari bai ƙara yin wata ba har ya rasu, kuma bai ƙara yi mini wasa ba; Malam Isufu yake kirana, da ladabi. Ari ya ci gaba da amsa gaisuwata, amma bai sake kama hannuna ba. Ko ya yafe ban sani ba, bai ce ba, ni kuma ban ga ina da bakin tambaya ba.

Abin da na sani shi ne abin da na ce masa ranar nan ina durƙushe. Na roƙi uwarku kada ta gyara mini ko kalma ɗaya, ta ba shi yadda take. Na dube shi na ce:

"Yaya, Kiyari bai taɓa jin kunyarka ba. Ya roƙe ni in yi shiru, na yi masa alkawari, na karya. Na ci mutuncinka kana zaune kana yi mini murmushi, na ci na uwarka tana kabari, na karɓi kyautarka na rataya. Sannan na bari ka tsani ƙanenka don kada ka tsane ni. Ba tsautsayi ba ne, ni na yi. Ka yi haƙuri."